Makullin Gidan Mai

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan doguwar motar fasinja, kuma a tasha babu mai kiransa da wani suna sai Ba-Tsayawa. Da guminsa ya samo sunan. In ya ɗauki hanya da sassafe, to, sai inda tikiti ya ce, fasinjan da fitsari ya matsa kuwa sai dai ya matse ƙafa ya yi ta addu'a. Sirrin ba wani abu ba ne, ba ya shan ruwa in zai yi tuƙi. Kurɓin shayi biyu da safe, shi ke nan har a sauke kaya. Ya hori cikinsa har ya zama ba ya motsi sai da izininsa, kuma babu abin da yake alfahari da shi a duniya kamar wannan, har da cewa bai taɓa kayar da mota ba.

Yanzu ga shi cikin ya riƙe darasin fiye da yadda aka koya masa. Kwana uku ke nan bai yi bayan gida ba.

Ciwon daji ne ya fito masa a gefen wuya, likita ya ce za a riƙa ɗaura masa ruwan magani duk bayan sati uku. Da yake matarsa ta rasu, kuma gidansa na da nisa da asibiti, sai autarsa ta tattaro shi ta kawo shi wajenta, a wani bene, hawa na huɗu. Ɗaki biyu ne da falo. Lif ɗin benen ya lalace tun kafin ya zo, an manna masa takarda an ce ana nan ana gyara, takardar har ta fara yin ja. Ranar da aka dawo da shi daga ɗaurin ruwa na biyu, sau biyar ya zauna a kan matakala kafin ya kai sama. Tun daga ranar bai ƙara saukowa ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana shi sakat shi ne banɗaki. Guda ɗaya ne tal a gidan, kuma wanda ya zana benen nan, Allah ya yafe masa, a cikin falo ya buɗe ƙofarsa. Ƙofar katako ce shafal, tana da tazarar yatsa uku daga ƙasa. Taku biyu daga ita teburin cin abinci ne, kuma a kan teburin nan surukinsa yake aiki daga takwas na safe zuwa biyar na yamma, da kwamfuta a gabansa da abin magana a kunne, yana lallashin mutanen da intanet ɗinsu ya ɗauke. Yaro ne mai ladabi har ya yi yawa. Ko tari tsohon ya yi a ɗaki, sai ya ji an ce, “Sannu, Baba.” To mutumin da ke jin tarinka ta bango biyu, me zai ɓuya masa ta wannan ƙofa?

Nas ɗin asibiti ba ta rage masa komai ba ranar da za a sallame shi. Wata gajeruwa ce mai saurin baki, ta tsaya a kansa tana lissafawa da yatsu.

“Baba, ruwan nan da muke sa maka, da ƙwayar hana amai, da ta rage zafi, duka ukun suna ɗaure ciki. Ka sha ruwa kofi takwas a rana. Ka riƙa tattaki ko a tsakar ɗaki ne. Ga wannan garin mai sassauta ciki, fakiti ɗaya a kofin ruwa, safe da yamma. In ka kwana biyu ba ka zaga ba, a kira ni. In ciki ya kumbura ka fara amai, kada a tsaya kira, a kawo ka. Hanji yana iya toshewa, kuma in ya toshe sai mun ɗage maka ruwa na gaba. Ka ji ni?”

Ya ce ya ji. Ya ji kuwa, sai dai da ya shigo gidan ya dubi ƙofar nan, ya dubi teburin nan, sai ya yi lissafi irin na direba. Ruwa kofi takwas, tsayawa takwas ke nan, kowacce a gaban suruki. Garin nan kuma wa ya san lokacin da zai taso wa mutum? Ya hango kansa yana sauri dafe da ciki, yaron yana tsakiyar magana da wata mata a waya, ita ma tana jin komai daga can gidanta. Sai ya ji gara a sake ɗaura masa ruwan sau goma.

Saboda haka ya koma tsohuwar sana'a. Auta malamar makaranta ce, kafin ta fita da safe takan jere masa gora biyu na ruwa a gefen gado. A jikin tagar ɗakin akwai wata shuka mai faɗin ganye a cikin tukunya. Da ya ji fitar Auta, sai ya jiƙa leɓe, ya tuttule wa shukar sauran a hankali, don kada a ji ƙarar zuba. Fakitin garin kuma ya riƙa cusa su cikin takalminsa na fita, tunda ba inda za shi. Alwala ɗaya yake riƙewa tun daga asuba har la'asar, abin da ya saba tun yana kan hanya.

Ba wai ba ya gwadawa ba ne. Da asuba, kafin kowa ya motsa, yakan lallaɓa ya shiga. Amma bangon banɗakin shi ne bangon ɗakin kwanan Auta da mijinta. Yana zama zai ji gado ya yi ƙara, ko ɗayansu ya juya, sai jikinsa duk ya ƙulle. Ya yi minti biyu yana kallon tayil, ya tashi. Ko ruwa ba ya ja, domin tankin nan in ya fara cika sai ka ce injin da ya sha wuya.

Rana ta huɗu cikin ya yi tauri kamar tayar da aka cika wa iska. Ya daina ɗaure tazuge. In ya kwanta rigingine abin ya danne masa numfashi, in ya juya gefe ya soke shi ƙarƙashin haƙarƙari. Abinci cokali uku yake ci ya ture. Daga gado zuwa taga taku huɗu ne, daga taga zuwa ƙofa taku uku, ya ƙirga su har ya gaji da ƙirgawa. Mutumin da ya saba ganin gari biyar kafin azahar, yau duniyarsa ke nan.

Wajen ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa.

“Baba, nas ce daga asibiti. Ta ce tana son jin muryarka.”

Lambar surukin aka bayar a asibiti, tunda shi ne kullum a gida. Ya shigo ya durƙusa a bakin gado, ya riƙe wayar a tafin hannu, ya buɗe muryar yadda duk ɗakin zai ji. Shi a ganinsa taimako ya yi, kada tsoho ya wahala da riƙo.

“Baba, ina kwana? Yaya ƙarfin jiki? Akwai zazzaɓi?”

“Babu.”

“Amai fa?”

“Babu, alhamdu lillahi.”

“Bayan gida fa? Yaushe rabonka?”

Surukin ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafar gado kamar an ce masa a nan aka ɓoye wani abu. Ba-Tsayawa ya ji gumi ya karyo masa ta ƙeya.

“Lafiya lau,” ya ce.

“Kullum kana zagawa?”

“Komai lafiya lau, 'yata. Allah ya yi albarka.”

Da yamma Auta ta dawo, ta ɗaga gorunan ta ga babu ko ɗigo, ta yi murna har da tafi.

“Ka ga Babana! Da haka kake shan ruwa tun da, ai da fasinjoji sun huta.”

Ya yi dariyar yaƙe. Tun tana ƙarama bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko a kan ciwon uwarta, kuma ya ji ƙaryar nan ta fi cikin nauyi. Ta shafa ganyen shukar tana mamakin yadda ya fara rawaya, ta ce ƙila rana ce ta yi mata yawa, ta ja labule.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya masa a rai game da surukin. Sau uku a rana, wani lokaci huɗu, yakan ji ya ce wa na cikin wayar su ɗan dakata, sai ƙofar waje ta buɗe ta rufe, takunsa ya gangara matakala. Bayan minti goma sha wani abu ya dawo yana haki. Ba ya dawowa da leda, ba ya cewa ga inda ya je. Ba-Tsayawa ya yi shekaru cikin 'yan tasha, ya san mutumin da ke ɓacewa minti goma ya dawo yana tsotsar alewa. Sigari ne, ba ko tantama. Ya ma ji wani ɗan daɗi a ransa, ashe mai ladabin nan ma yana da nasa ɓoyon.

Sau biyu ya nemi ya ci moriyar fitar. Da jin an rufe ƙofa sai ya dafa bango ya nufi banɗaki. Amma cikin da aka yi kwanaki ana ce masa ya yi shiru ba ya buɗe baki don an ba shi minti goma. Yana zaune yana nishi, kunnensa na kan matakala, ko maƙwabci ne ya taka sai gabansa ya faɗi. Na biyun ma makulli ya ji a ƙofa, ya miƙe a firgice har jiri ya kusa kayar da shi.

Rana ta biyar bai ko gwada ba. Tun safe wani ɗaci ke taso masa a maƙogwaro, ya tuna maganar nas a kan amai, tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba ko ranar da birki ya ƙwace masa a gangare. Ya san abin da ya kamata ya yi. Taku bakwai ne tsakaninsa da yaron da ke riƙe da lambar asibiti. Ya kai hannu ga mariƙin ƙofa, ya ji muryar yaron yana cewa, “Ki kashe shi ki sake kunnawa, Hajiya,” sai ya saki, ya koma.

Da ya ji ƙofar waje ta rufe, sai ya ja jiki zuwa taga, don tsayuwa ta fi masa zama sauƙi. Ya ɗaga labule ya jingina goshi da gilashi. Tukunyar shukar ta cika ta tumbatsa, ruwa ya biyo bango ya yi layi har ƙasa. Can ƙasa ga titi, ga motoci suna wucewa abinsu, ga gidan mai a tsallake. Sai ga surukin ya fito daga ƙofar benen. Ba-Tsayawa ya gyara tsayuwa, yau dai zai ga sigarin da idonsa.

Yaron bai tsaya a gindin bene ba. Ya tsallaka titi da wani irin sauri, gajeren taku, gwiwoyi a haɗe, bai ko jira motoci sun gama wucewa ba. Ya shiga gidan man, shi da ba shi da ko keke. Ya je wajen mai ba da mai, ya ɗan rusuna, suka yi magana. Mutumin ya sa hannu a bayan famfo ya miƙo masa wani abu: makulli ne ɗaure a jikin guntun katako mai tsawon tafin hannu. Yaron ya karɓa ya zaga bayan ginin kusan da gudu.

Ko daga hawa na goma ne Ba-Tsayawa ba zai kasa gane katakon nan ba. Duk gidan man da ke kan hanya haka suke ɗaure makullin banɗakinsu, don kada wani ya sa a aljihu ya tafi da shi. Takun nan ma ya san shi. Shekara talatin da ɗaya yana ganinsa ta madubi, in ya ga dama ya tsaya, fasinjoji suka zubo daga mota.

Sai a lokacin ya tsaya ya yi tunani. Sati biyar yana gidan nan, bai taɓa jin an ja ruwa da rana ba. Ko sau ɗaya. Yaron nan hawa huɗu yake sauka, hawa huɗu yake hawowa, sau uku sau huɗu a yini, yana roƙon makulli a wajen baƙo, a kan banɗakin da yake cikin falonsa, don kada uban matarsa ya ji motsinsa. Su biyu sun yini suna gadin ƙofa ɗaya, kowa na jin kunyar kowa, banɗakin kuma yana nan a bushe babu mai shiga.

Dariya ta zo masa, ta soke shi a ciki har ya dafe taga, daga nan kuma sai hawaye. Tausayin yaron ya kama shi, da kunyar zargin da ya yi masa, da haushin kansa.

Da surukin ya dawo yana haki, a falo ya same shi, zaune a kan kujerar aikinsa, ga takalmi ƙafa ɗaya a kan tebur kusa da kwamfuta.

“Baba! Lafiya? Me kake so a kawo maka?”

“Zauna.”

Ya durƙusa.

“Na ce zauna, ba durƙusa ba. Mai gidan man can, nawa yake karɓa a wajenka?”

Yaron ya dubi taga, ya dubi ƙasa.

“Ba ya karɓar komai, Baba. Mutumin kirki ne.”

“To madalla da shi.” Ya kifar da takalmin, fakiti tara suka zubo a kan tebur. “Ka ga waɗannan? Ban sha ko ɗaya ba. Ruwan da matarka take ajiye min, shukarta ce take sha, ga ta can tana mutuwa. Yau kwanana biyar ban yi bayan gida ba. Jiya ƙarya na yi wa nas a gabanka.” Ya tsaya ya haɗiye ɗacin da ya taso masa. “Kira min ita. Ka buɗe muryar yadda ka yi jiya.”

Yaron ya danna lambar.

Nas ba ta yi masa ta daɗi ba. Ta ce kwana biyar, Baba, kwana biyar, da wa kake gasa? Sannan ta shiga tambaya, ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana amsawa yana kallon bango. Ya yi amai? Bai yi ba tukuna. Zazzaɓi? Aka auna, babu. Iska tana fita?

“Tana fita,” ya ce. “Kaɗan-kaɗan. In yaron nan ya sauka ƙasa.”

Surukin ya juya baya yana danne dariya.

“To da sauran dama,” in ji nas. “Yanzu-yanzu a dama masa fakiti biyu, da yamma a ƙara. Ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan, ba tsayawa. Ya tashi ya yi tattaki. In zai zauna a sa masa wani abu ya ɗora ƙafa, gwiwa ta fi ƙugu tsawo, kuma kada ya yi yunƙurin ƙarfi. Kada wani ya ba shi shawarar sa wani abu ta ƙasa, jininsa ba shi da ƙarfin yaƙi da ƙwayar cuta yanzu. In ya yi amai, ko iskar ta tsaya, ko ciwon ya ƙaru, ku taho ko da goyo ne. In gobe da azahar shiru, nan ma ku taho. Wa ke kula da shi?”

“Ni ne,” in ji surukin. “Ɗansa.”

Ranar dai masu intanet sun ji jiki, don rabin kiran a tsaye ya amsa su, yana riƙe da gwiwar hannun tsoho, suna kai da komo daga ƙofar kicin zuwa ƙofar waje, taku goma sha ɗaya. Garin ba shi da daɗi ko kaɗan, kamar an jiƙa alli an sa gishiri. Ba-Tsayawa ya shanye yana yamutsa fuska. Ya sha ruwa kofi shida kafin magariba, ya shiga banɗakin nan sau biyar a gaban yaron, kowace shiga kamar ana zare masa haƙori, amma fitsari ne kawai. Auta ta dawo ta ji labari, ta yi kuka, ta yi faɗa, ta rasa wanda za ta fi yi wa a cikinsu, ta ɗauki shukarta ta kai kicin tana tsiyaye ta.

Washegari har ƙarfe tara shiru. Auta ta ƙi fita sai da ya kore ta, ta tafi bayan ta ajiye jakar asibiti a bakin ƙofa. Yana zaune yana kallon jakar, yana tunanin hawa huɗun nan da gadon asibiti da ruwan da za a ɗage, sai ya ji cikinsa ya yi wata ƙara mai tsawo, ya murɗa.

Ya miƙe. Surukin ya dube shi sau ɗaya, ya shiga banɗaki ya kife bokiti a gaban mazauni, ya fito ya naɗe wayar caji, ya rungumi kwamfutarsa.

“Baba, yau intanet ɗin ya fi ƙarfi a waje. Ina nan kan matakala. In ka buga bango zan ji.”

Ya ja ƙofar waje ya rufe.

An daɗe. An sha wuya kuma, har ya ciji hannun riga, ya kira sunan Allah ya fi a ƙirga. Amma da ya tashi, sai ya ji kamar an sauke masa lodin da ya yi sati yana ɗauke da shi. Ya ja ruwa, tankin ya yi ta rurinsa, ya tsaya yana saurare har ya cika, bai damu da wanda ya ji ba. Ya wanke hannu, ya buɗe 'yar tagar sama, ya dafa bango ya nufi ƙofar waje.

Yaron na zaune a matakala ta uku, kwamfuta a kan cinya, ga kofin shayinsa babu komai a ciki. Ƙafarsa ɗaya sai karkarwa take yi, gwiwoyi a haɗe. Ya ɗago da sauri yana neman amsa a fuskar tsohon.

“A gaya wa nas ta mayar da gadonta,” in ji Ba-Tsayawa.

“Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi, Baba!” Ya miƙe, ya ajiye kwamfutar, ya waiga ƙasan matakala. “Bari in ɗan sauka, yanzu zan dawo.”

Tsohon ya riƙo hannunsa. Ya lallaɓa ya zauna a inda yaron ya tashi, simintin da ɗuminsa, ya ɗauki kwamfutar ya ɗora a kan cinyarsa.

“Ba inda za ka sauka. Shiga gidanka, ɗana, ka rufo ƙofa. Ni zan riƙe maka wannan, in Hajiya ta kira in ce ta kashe ta sake kunnawa.”